Filin Gareji: tsohuwar motar tsere, daga ina gyara ke farawa?

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Zariya suka zo, kuma kusan duk a kan abu ɗaya: tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu da matasa ke saye a hannu su tayar. BMW ce ta fi yawa, musamman samfurin E46 da aka ƙera tsakanin 1998 da 2006, don haka ita za ta ci mafi yawan filin. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga BMW 330Ci 'yar 2003 a hannun wani dillali a Sabon Gari. Fenti na ƙyalli, inji na tashi bugu ɗaya, kuɗin kuma da sauƙi. Me zan duba kafin in biya?
Ma'aikaci, Tudun Wada

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙyallin fenti da tashi bugu ɗaya abubuwa ne da ake iya shiryawa kafin ka iso, ajiye su gefe tukuna.

Fara da takardu. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, an buga ta a jikin ƙarfen da ke riƙe da kan shokozoba na dama, ƙarƙashin bonet. Bi ta ɗaya bayan ɗaya ka gwada da ta takardar kwastan da ta lasin. In ka ga walda ko sabon fenti a kewayen lambar kaɗai, yi sallama ka tafi. Duba kuma ko 'yar Ingila ce da aka juya wa sitiyari, domin tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama. Za ka ga waifa na kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba, dashbod bai zauna daidai ba, ga ramukan da aka toshe a bangon da ke tsakanin inji da ƙafar direba. Sitiyari da birkin da aka yanke aka haɗa da walda ba abin hawa titin Kaduna da su ba ne.

Je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka zo, ka ɗora hannu a kan injin ka ji sanyinsa. Matsa babban tiyon lagireto na sama. In mota ta kwana amma tiyon na nan da tauri kamar tayar keke, iskar silinda na kutsawa cikin ruwa. Buɗe murfin baƙin mai, ka ga ko akwai abu mai kama da kindirmo a ƙarƙashinsa. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji da ta birkin ABS da ta jakar iska su kama duka, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ƙila kashe ta aka yi don a ɓoye laifi. Sa a auna ƙarfin silinda shidan da geji. Kowace ta ba da aƙalla bar 10 zuwa 11 (bar ma'aunin matsi ne), kuma tazarar babba da ƙarama kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari.

Sai a hau rami, domin babban ciwon wannan motar a ƙarƙashinta yake. Gadon da ke ɗauke da aksil na baya an ɗaure shi da bodi a wuri huɗu, kuma ƙarfen bodin kan tsage a kewayen maɗaurin, galibi na hagu ta baya ne ke farawa. Goge laka, haska tocila, ka nemi siririn layi mai jan tsatsa. In ana jin ƙwal daga baya duk lokacin da aka sa giya ko aka ɗaga ƙafa daga totur, to abin ya yi nisa. Yana gyaruwa, amma sai an sauke gadon gaba ɗaya an liƙa faranti da walda, a nesa da tankin mai.

Ɗaga kafet da tayar safaya. Warin ruma, busasshen taɓo a lungu da tsatsa a dogon kujera na nuna motar ambaliya ce, kuma wayarinta ba zai daina ba ka wahala ba. In duk ta tsallake, kada ka zuba kuɗinka kaf a saye. Riƙe kamar kashi ɗaya cikin uku don abin da ke cikin amsa ta gaba.

Tambaya: Tawa 325Ci ce. A kan hanyar Kano lafiya lau, amma da na shiga cunkoson PZ ko Kwangila da rana sai allurar zafi ta fara hawa. Bakanikena ya ce a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye da batir, shi ke nan. In yarda?
Ɗalibi, Samaru

Amsa: Kada ka yarda, ƙanenmu. Wannan dabara ta kashe injunan BMW da yawa a garejojinmu.

Abu na farko da ya kamata ka sani: allurar nan ba ta faɗa maka gaskiya da wuri. An tsara ta ta tsaya cak a tsakiya tun daga wajen digiri 75 har sama da 110. Ranar da ka ga ta motsa zuwa ja, inji ya riga ya sha wuta. Sayi ƙaramar na'urar OBD mai karanta bayanan kwamfutar mota, wadda ke haɗuwa da waya, ka riƙa ganin ainihin zafin a lamba. Tsakanin 90 da 100 daidai ne. In ya haura 105 yana ci gaba da hawa, faka ka kashe.

Injin M54 da ke cikin motarka, kai da gangar jiki duk alminiyam ne. In ya yi obahitin sau ɗaya mai tsanani, tof silinda kan lanƙwashe, zaren da notinsa ke kamawa a gangar injin kuma ya yi laushi. Sai a sa sabon gasket, a zo ɗaurewa, zaren ya biyo notin. Nan ne ake komawa neman inji na Beljiyam a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Tamostat shi ne bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, kuma na wannan injin ba irin na tsohuwar Peugeot ba ne. Yana buɗewa a digiri 97, yana kuma da wayar da birenbos, wato kwamfutar injin, ke amfani da ita ya buɗe shi da wuri in ana taka mota. In an cire shi, inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, birenbos ya yi ta ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, feturin ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Fankar ma birenbos ke ba ta umarnin saurin juyawa. In an haɗa ta kai tsaye, ta yi ta gudu ba hutu har ta ƙone, kuma ranar da ta ƙone ba abin da zai sanar da kai.

Zafi a cunkoso amma lafiya a kan hanya yana nufin iska ba ta ratsa lagireto in mota na tsaye. Kunna AC ka ga ko fanka ta tashi. In mai giyar otomatik ce, akwai wata fankar da inji ke juyawa, kulocinta kan mutu. Notinta mai lamba 32 ne kuma zarensa na hagu ne, kada a karya shi da ƙarfi. Sannan a raba lagireto da kwandensan AC a leƙa tsakaninsu. Ƙurar hunturu da ganye da leda kan taru nan su zama kamar tabarma. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, kada a kwantar da ƙananan haƙarƙarinsa.

Shawararmu ga duk wanda ya sayi E46 bai san tarihinta ba: a canza kayan ruwan duka a zama ɗaya. Tankin ruwa na roba da murfinsa, famfon ruwa, tamostat da gidansa, tiyo na sama da na ƙasa, fambel da abin da ke ɗame shi, lagireto ma in wuyansa ya koma ruwan ƙasa. Duk roba ce da ta haura shekara ashirin tana dahuwa. In ka canza ɗaya, matsin ya koma kan na kusa da shi, bayan sati biyu ka sake komawa gareji. Ga waɗannan kayan kada ka sayi na Beljiyam, tsufansu ɗaya da wanda ka cire.

Tana shan ruwa wajen lita 8 da rabi. Rabi kulant mai shuɗi na G48, rabi tataccen ruwa, wato ruwan batir marar asid. Ban da ruwan rijiya ko na burtsatse, kanwarsu ke toshe lagireto. Masu cewa ai ba ƙanƙara a Zariya, me za a yi da kulant, sun manta shi ke hana alminiyam ciwuwa, shi ke kuma ɗaga zafin da ruwa zai kai kafin ya tafasa. Wajen zubawa: a ɗaga gaban mota, inji a sanyi, a murɗa makulli ba a tayar ba, a sa hita a ƙarshen zafi da fanka a ƙasa, a kwance ɗan sukurun fitar da iska da ke kusa da tankin, a zuba a hankali har ruwa ya fito ba kumfa. Sukurun roba ne, da ya zauna a bar shi. Washegari da safe a sake duba ruwan.

Tambaya: Ina so in sauke motar ƙasa, in sa mata rim 19. Wani ya ce zai yanke mini sifirin da giranda a kuɗi kaɗan.
Ɗan kasuwa, Muchiya

Amsa: Alhaji, araha ba ta ado. Sifirin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya ficewa in taya ta faɗa rami, shokozoba kuma ya yi ta buga ƙarshensa har ya zubar da mai. Wanda aka gasa da wuta ya fi wannan haɗari, domin ƙarfen ya mutu. In dole sai an sauke, a sayi sifirin da aka ƙera don hakan tare da shokozoba da ya dace da shi, kuma kada a wuce milimita 30. Kaskon baƙin mai na wannan injin alminiyam ne, ba ya loɓawa, fashewa yake yi. Tuna tudun rage gudu nawa ke tsakanin gidanka da kasuwa, da yadda hanyoyin unguwa ke komawa a watan Agusta.

Kafin sifirin ma, a fara da bushin, wato robobin da ke maɗaurin hannayen taya. Na hannun gaba, in sun mutu, sitiyari na rawa da an taka birki. Na hannun baya, in sun mutu, bayan motar na lilo a kwana. Sauke mota a kan matattun bushin cinye taya ne kawai.

Batun rim, ga lissafi. Tayar 225/45 R17 tsayin gefenta milimita 101 ne. Ta 225/40 R18 na da 90. Ta 235/35 R19 kuwa 82 kacal. Wannan gefen shi ke shanye dukan rami kafin ya kai ga rim. A ganinmu 17 ce ta hanyoyinmu, 18 ita ce iyaka. Rim ɗin ya kasance mai huda biyar a kan da'irar milimita 120, ramin tsakiya milimita 72.6. In ramin ya fi haka faɗi a sa zoben cikewa, in ba haka ba mota za ta riƙa karkarwa a wajen gudun kilomita 100 a awa ko an yi balansin sau goma. Rim 17 na kamfani mai faɗin inci 7.5 a gaba ET41 ne (ET awon shigar rim ciki ne, a milimita), na baya mai 8.5 ET50, kada ka yi nisa da waɗannan, taya za ta goga bodi. Noti a ɗaure shi Nm 120 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) da sifana mai awo, ba a hau kansa da ƙafa ba. Karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a jikin taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar Beljiyam mai zane kamar sabuwa amma ta shekara bakwai ba ta da wurin zama a motar da ke gudu a kwaltar watan Afrilu. Bayan komai, alaimen na taya huɗu.

Tambaya: Motar ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zuzuta ta. Abokai sun ce in cire indomi, wato matatar hayaƙi, in sa buɗaɗɗiyar salansa da filtar iska mai kama da mazurari.
Matashi, Hanwa

Amsa: In 330Ci ce, ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 231. Taka ba ta rasa shi don salansa ba, ta zubar da shi ne a hanya cikin shekaru ashirin, kuma yawancinsa na dawowa. Robobin cikin VANOS, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kan bushe, sai mota ta yi nauyi ƙasa da juyi 3,000 a minti. Ƙyauren DISA da ke jikin manifol kan saki, yana ƙaras-ƙaras, wani lokaci fil ɗinsa ya faɗa inji. Robar maƙogwaron iska kan tsage a cikin lanƙwasa inda ido ba ya gani. Bawul ɗin numfashin inji, CCV, in ya mutu sai shan baƙin mai da hayaƙi. Ƙara da fulogi shida, filtar mai, da goge sensar iska da ruwan da aka yi dominta. Gyara waɗannan, za ka ji kamar an sauya maka mota.

Filtar mazurari ba ta dace da garin da ke shan ƙura wata uku zuwa huɗu a shekara ba. Tana barin lallausar ƙura ta wuce zuwa ringi, man da ke jikinta na ɓata sensa, iskar da take zuƙa kuma mai zafi ce ta jikin inji. Bar akwatin kamfani, ka riƙa canza filtar takarda, sau biyu ma a hunturu.

Indomi a wannan injin cikin manifol ɗin hayaƙi yake, da sensa biyu kafinsa, biyu bayansa. In an fasa shi, fitilar inji ta kama ba ta mutuwa, sai ta rufe maka duk wani laifin da zai taso daga baya, ga warin hayaƙi da za ka shaƙa kai da iyalinka. In an auna an ga ya toshe ne, a canza shi. In amo kake so, canza tukunyar baya kaɗai da mai taushin murya, kuma a tausaya wa marasa lafiya a asibitin Shika da masu barci bayan isha'i. Kada a sa maka manhajar ƙarin ƙarfi da aka rubuta don fetur mai oktan 98. Namu bai kai nan ba, inji zai yi ta ƙwanƙwasa.

Tambaya: Wata huɗu da yi mini fenti, ƙofa ta fara kumbura kamar ƙuraje, bayan taya kuma ya tsage. Laifin fentin ne ko na mai fenti?
Malamin makaranta, Gyallesu

Amsa: Malam, kusan kullum laifin na ƙarƙashin fentin ne. Ƙananan ƙurajen nan ruwa ne ya maƙale. Ko dai an goge fila, wato ƙullun cike loɓa, da samfefa da ruwa, alhali fila na shan ruwa kamar soso, ko kuma kwamfaresa na feso ruwa tare da iska domin ba a tsiyaye tankinta ba, ba ta kuma da tarkon ruwa. Tsagewar kuwa fila ce aka lafta a kan tsatsa. Motocin Turai sun sha gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, kuma bakin tayar baya ne ke fara ruɓewa. Ɗauki maganaɗisu ka naɗe da ƙyalle ka bi jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, fila ce mai kauri.

Gyaran gaskiya shi ne a kankare wurin har farin ƙarfe. Ruɓaɓɓen wuri falanbita ya yanke shi ya sa sabon ƙarfe, a fesa firaima ta efoksi, sannan fila, kaurinta kada ya wuce milimita 3. A goge ta a bushe da samfefa 80, sai 180. Firaima mai hadina, wato ruwan da ke sa ta yi tauri, a goge da 400, a gama da 600 ko 800. A share da ruwan cire maiƙo, domin ɗigon man goge dashbod ɗaya ya isa ya sa fenti ya yi idon kifi. Launi hawa biyu zuwa uku, minti 10 zuwa 15 tsakani, sai kiliya, fentin ƙyalli marar launi, hawa biyu. Yawancin kiliya kashi biyu ne da hadina kashi ɗaya, amma a bi rubutun gwangwani da kofin awo, ba da ido ba. A hunturu kada a fesa a fili. Ɗaki rufaffe, a jiƙa ƙasa. Mai fesawa ya sa takunkumi mai gawayi, hadinan nan guba ce ga huhu. Kuma fenti ya zama aikin ƙarshe, bayan bakanike da mai wayarin sun gama jingina da mota.

Tambaya: Zan sauya launi daga fari zuwa baƙi, in kuma duhunta gilashi. Akwai matsala?
Hajiya, GRA

Amsa: Hajiya, launin mota na rubuce a takardunta, don haka a je ofishin lasin a gyara, kada ya jawo tsaiko a shingen bincike. Baƙin gilashi kuma doka ta 1991 ta ɗaure shi da izinin 'yan sanda, a samu izinin kafin a liƙa. Baƙar mota a watan Maris da Afrilu na ƙara wa AC aiki, a tabbatar da lafiyarsa tukuna.

Tambaya: Ana cewa in aka yi wa aksil na baya walda mota ta fi juyawa a wasa. Gaskiya ne?
Matashi, Ƙofar Doka

Amsa: Gaskiya ne, tayoyin baya biyu za su riƙa juyawa daidai wa daida. Amma a kwana ta waje na buƙatar ta fi ta ciki gudu, kuma ka hana ta. A busasshiyar kwalta mota za ta ƙi shan kwana, a jiƙaƙƙiya bayanta ya kufce ba sallama. Duk wannan fizgar tana sauka ne a kan maɗaurin gadon baya, wurin da tun asali shi ke tsagewa. Motar da za ta ɗauki mutane a titi ba a yi mata haka. Wasan kuma wurinsa killataccen fili da hular kwano, ba ayarin ɗaurin aure ba inda yara ke tsaye a bakin hanya.

Tambaya: An yi mini tayin Mazda RX-8 da arha sosai. In ta yi sanyi tana tashi, in ta yi zafi sai an jira. Kuma wane baƙin mai zan zuba wa BMW ɗin yayana?
Tela, Ɗanmagaji

Amsa: RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, injinta ba shi da fistin. Wasu ƙarafa biyu masu kusurwa uku ne ke juyawa a ciki, kuma ƙin tashi da zafi sananniyar alama ce cewa abin toshe kusurwoyin ya cinye. Gejin silinda na gareji ba ya ba da cikakkiyar amsa a nan, sai na'urar da ke karanta fuska uku ta kowane ɗaya. Ƙasa da bar 6.8 a juyi 250 a minti inji na neman buɗewa. Tana kuma ƙona baƙin mai da gangan, haka aka ƙera ta, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ba ka riga ka san wanda ya iya buɗe irin wannan injin da inda za ka samo kayansa ba, bar ta.

Ta yayanka kuwa, in E46 ce mai injin M54, lita 6.5 take sha tare da filta. A zuba 5W-40 na sintetik mai shaidar BMW LL-01, a canza duk kilomita 5,000 zuwa 7,000 saboda ƙura da cunkoso, kada a jira lissafin dashbod. Mai kaurin 20W-50 na jinkirin isa VANOS da safe. Notin tsiyayewa Nm 25 ne da sabon wosha, murfin filta ma 25, a kuma sauya robar murfin da ke zuwa cikin kwalin filtar.